Tambaya: PTH da FGF23 duk fosfet suke sa ƙoda ta zubar, to mene ne amfanin guda biyu?

ƊalibarLikita

Assalamu alaikum malamai da likitocin wannan zaure. Akwai abin da ya shige mini duhu a darasin ƙoda. An ce homon ɗin PTH, wanda faratairod, ƙananan gaɓoɓin nan da ke cikin wuya, ke fitarwa, yana sa ƙoda ta zubar da fosfet a fitsari. An kuma ce FGF23 ma aikinsa ke nan, har ma furotin ɗaya suke cirewa daga bututun farko na ƙodar. To in haka ne, me ya sa jiki yake riƙe da guda biyu? Sannan idan aka auna jinin mutum aka ga fosfet ya yi ƙasa, ta yaya za a gane ƙodar ce ke zubarwa, kuma wanne ne a cikinsu ya jawo, tunda ba ko'ina ake gwajin FGF23 ba? Ina son a bi da ni abin da ke faruwa a cikin sel ɗin kansa, daki-daki. Allah ya saka da alheri.

MalaminFisiyoloji

Wa alaikumus salam, ɗalibata. Fara da lissafi, sauran zai zo da sauƙi.

Ƙodojin babba mai lafiya suna tace kusan lita 180 na ruwan jini a rana. A kowace lita akwai fosforus kamar miligiram 35, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari nasa yana ratsa matatar ƙoda, ragowar a manne yake da furotin ɗin jini. Ke nan giram 5 zuwa 6 ke zuba cikin bututu kullum. Abin da ke fita a fitsari kuwa bai wuce miligiram 700 zuwa 900 ba, daidai da abin da hanji ya tsotsa daga abinci a ranar. Kashi 80 zuwa 90 ana mayar da shi jini, kuma kusan duk aikin a bututun farko ake yin sa. Wanda ya kuɓuce wa bututun farko, galibi ya tafi ke nan.

A gefen sel da ke fuskantar fitsari, inda yake da gashi-gashin nan, akwai furotin masu dakon fosfet guda uku: NaPi-IIa, NaPi-IIc da PiT-2. NaPi-IIa yana shigar da sodiyam uku tare da fosfet ɗaya, NaPi-IIc kuma sodiyam biyu da fosfet ɗaya. Ba su da ƙarfin kansu. Famfon sodiyam da fotasiyam da ke ɗaya gefen, wajen jini, shi ke ta fitar da sodiyam daga sel, sai sodiyam ɗin cikin bututu ya riƙa neman hanyar shiga, ya janyo fosfet tare da shi. Sodiyam na ukun nan na NaPi-IIa ba banza ba ne: yana shigar da cajin lantarki ɗaya a kowane zagaye, don haka wutar fatar sel ma tana taya shi ja, ya iya tara fosfet a ciki fiye da ɗan'uwansa nesa ba kusa ba.

Abin da za ki riƙe shi ne, homon ba ya rage saurin mai dakon. Adadinsu yake ragewa a kan fatar sel. NaPi-IIa ba ya zama a wurin da kansa, sai an ɗaure shi. Amino asid uku na ƙarshen wutsiyarsa suna shiga wani gurbi a jikin furotin NHERF1, shi kuma NHERF1 yana riƙe da ƙashin sel ta hanyar ezrin. Ki ɗauki NHERF1 a matsayin turke. Muddin igiya na nan, dabba na wurin.

PTH yana sauka a kan makarɓinsa, PTH1R, wanda yake gefe biyu na sel ɗin: gefen jini, da kuma gefen fitsari, domin homon ɗin ƙarami ne, yana ratsa matatar. Daga nan saƙo ya rabu biyu. Hanya ɗaya ta Gs ce, ta haifar da cAMP, ya tada PKA. Ɗayar ta Gq ce, ta bi ta fosfolifes C ta tada PKC. Dukkansu NHERF1 suke nufa, a liƙa masa fosfet a wasu gurabe, fitacce a cikinsu amino asid na 77, wato serin. Da zarar an yi haka ya saki wutsiyar NaPi-IIa. Mai dakon ya gangara gindin gashin, ramukan kilatirin, 'yan aljifan da ke fatar sel, su haɗiye shi, a wuce da shi laisosom, wurin da sel ke rusa sharansa, a narkar. Cikin mintuna abin ke farawa, cikin sa'o'i kaɗan yawancinsu sun ɓace. Ba a dawo da wanda aka haɗiye, sai dai sel ya ƙera sabo, shi ya sa ko PTH ya sauka, tsotsar fosfet kan ɗauki sa'o'i kafin ta koma yadda take. NaPi-IIc ma yana barin wurin, amma a hankali. Yawancin matakan nan an gano su ne a ɓeraye da kuma sel ɗin ƙodar wata dabbar Amurka, ofosam, waɗanda ake renonsu a ɗakin bincike.

FGF23 kuwa daga ƙashi yake fitowa, sel ɗin da ke binne cikin ƙashi ne ke yin sa. A shekarar 2000 aka gano shi. Makarɓinsa FGFR1, amma ba ya kama shi da kyau sai da furotin Klotho a gefe, wanda Makoto Kuro-o da abokan aikinsa suka gano a Japan a 1997. FGFR1 yana ko'ina a jiki, Klotho kuwa a wurare kaɗan, musamman ƙoda da faratairod, wannan ne ya sa homon da ke yawo a dukkan jini yake aikinsa a ƙoda. Saƙonsa yana bi ta ERK1/2 da SGK1, ya ƙare a kan NHERF1 ɗin dai. Bayan haka yana rage ƙera sabbin masu dakon tun daga tushe.

Sauran homon suna taɓa wurin, ko da yake ba da ƙarfin waɗannan biyun ba. Homon ɗin girma da IGF-1, insulin da homon ɗin tairod suna ƙara tsotsa. Kotisol da magungunan danginsa, istirojin da dofamin suna ragewa, kuma dofamin ɗin a cikin bututun farko ake yin sa. Sannan idan abinci ya yi ƙarancin fosfet, sel yana ƙara NaPi-IIa a fatarsa cikin sa'o'i ko da babu faratairod.

LikitanƘoda

Malam ya gama da sel, Allah ya ƙara basira. Gyara ɗaya kawai, kada ɗaliba ta raina NaPi-IIc. A ɓera, in aka kashe ƙwayar gadon NaPi-IIa, kusan kashi 70 na tsotsar ke tafiya, in kuma NaPi-IIc aka kashe, da ƙyar a ga canji a fosfet ɗin jini. A mutum ba haka ba ne. Lalacewar NaPi-IIc, wato ƙwayar gado SLC34A3, ita kaɗai ta isa ta lanƙwasa ƙafafun yaro.

Amsar tambayarki ta farko ba a wajen masu dakon take ba, tana wajen bitamin D. Sel ɗin bututun farkon nan shi ne kuma ke mayar da bitamin D zuwa kalsitiriyol, nau'in da ke aiki, ta hanyar inzayim CYP27B1, kuma akwai CYP24A1 da ke rusa shi. PTH yana ƙara na farko, ya danne na biyu. FGF23 akasin haka yake yi. A kan fosfet bakinsu ɗaya, a kan bitamin D kuwa hannun riga suke.

Dalili shi ne kowa da abin da yake gadi. PTH kalsiyam yake gadi. Kalsiyam na sauka, faratairod ta saki homon cikin daƙiƙoƙi, kuma mintuna kaɗan yake yi a jini. Zai ciro kalsiyam daga ƙashi, ya sa kalsitiriyol ya ƙaro daga hanji, amma ta hanyoyin nan biyu fosfet na biyo kalsiyam. In aka bar shi ya taru sai su haɗu su daskare, kalsiyam ɗin da aka wahala a kai ya sake sauka. Zubar da fosfet a wajen PTH share hanya ce kawai. Yanzu ki ɗauki wanda kalsiyam ɗinsa daidai yake, fosfet ne ya yi masa yawa. Da PTH kaɗai za a dogara, zai zubar ta fitsari yana kuma ƙaro wani ta hanji, ga kalsiyam zai hau ba gaira ba dalili. FGF23 shi ke zubarwa ta ƙoda ya kuma toshe hanyar hanji lokaci guda, sai dai a hankali yake motsi, sa'o'i zuwa kwanaki. Kuma suna jin juna: kalsitiriyol da PTH suna ƙara FGF23, shi kuma yana danne su biyun.

Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Wanda aka yi wa aikin maƙoƙo faratairod ɗinsa ta taɓu, za ki ga kalsiyam ƙasa, fosfet sama, alhali FGF23 ɗinsa a sama yake. Haka wanda FGF23 ɗinsa ba ya aiki, kamar masu matsalar gado ta GALNT3, fosfet ɗinsu na hawa har duwatsun alli su taru a gefen ƙugu, kafaɗa da gwiwar hannu, duk da faratairod lafiya lau.

Wannan saɓanin ne zai raba miki gardama a asibiti ko babu gwajin FGF23. Idan PTH ne, za ki gan shi sama, tare da kalsiyam mai yawa in ƙari ne a faratairod, ko kalsiyam mai ƙaranci in rashin kalsiyam ko bitamin D ne ya tada shi. Idan FGF23 ne, kalsiyam ɗin jini daidai, PTH daidai ko ya ɗan ɗaga, kalsitiriyol kuma ƙasa ko tsaka-tsaki. Tsaka-tsakin nan kansa alama ce, domin ƙarancin fosfet ya kamata ya cilla shi sama. Idan kuwa mai dakon ne da kansa ya lalace, jiki zai danne FGF23, kalsitiriyol ya hau, hanji ya tsotso kalsiyam da yawa, PTH ya kwanta, kalsiyam ya cika fitsari. Inda ba a auna kalsitiriyol, kalsiyam ɗin fitsari zai nuna miki hanya. Ki kula, gwajin bitamin D da aka saba yi, na 25-OH, ma'ajiya yake aunawa, ba kalsitiriyol ba.

Kada kuma ki manta da bututun da ya lalace gaba ɗaya. Mai shan tenofovir na TDF, wanda ke cikin haɗin maganin HIV da aka fi bayarwa a nan, in fosfet ɗinsa ya sauka, a duba suga a fitsari. Suga a fitsari alhali na jini daidai, ga yurik asid, fotasiyam da baikabonet sun yi ƙasa, wannan ciwon Fanconi ne, wato lalacewar bututun farko gaba ɗaya, ba ruwan homon.

Ma'aikacinLab

Ranku ya daɗe. Kafin a kai ga wane homon ne, sai an tabbatar ƙodar ce ke zubarwa, kuma wannan kowane lab da ke auna kiriyatinin zai iya.

Mara lafiya ya kwana bai ci komai ba. Da safe ya zubar da fitsarin farko, a karɓi na biyu, a ɗebi jini a daidai lokacin. A auna fosfet da kiriyatinin a duka biyun. Azumin da safiyar ba tsari ne na banza ba: fosfet yana hawa da sauka a yini, ya fi ƙasa da hantsi, kuma cin tuwo ko shan zaƙi yana tada insulin ya tura shi cikin sel.

Kason da ke zuba shi ne fosfet ɗin fitsari sau kiriyatinin ɗin jini, a raba da fosfet ɗin jini sau kiriyatinin ɗin fitsari. Misali fosfet na jini 0.55 mmol/L, kiriyatinin na jini 70 µmol/L, fosfet na fitsari 22 mmol/L, kiriyatinin na fitsari 10 mmol/L. A fara mayar da 70 ɗin zuwa 0.070, domin nan ne aka fi yin kuskure, a haɗa maikuro da mili a sami amsar da ta ninka sau dubu. 22 sau 0.070 ya ba da 1.54, a raba da 5.5, an sami 0.28. Kashi 28 ke zuba. Ƙoda mai lafiya da ta ga fosfet ya sauka haka za ta riƙe kusan duka, abin da zai fita bai kai kashi 5 ba.

Sai TmP/GFR, wato iyakar fosfet ɗin da ƙoda ke iya mayarwa jini a kowace lita da ta tace. A cire 0.28 daga 1, TRP, wato kason da ƙoda ta mayar jini, ya zama 0.72. In TRP bai wuce 0.86 ba, a ninka shi da fosfet ɗin jini kawai: 0.72 sau 0.55, kusan 0.40 mmol/L. Na babba yana tsakanin 0.80 da 1.35, don haka wannan zubarwa ce ƙarara. In TRP ya haura 0.86, a yi amfani da jadawalin Walton da Bijvoet na 1975, ko a ninka TRP da 0.3, a raba da abin da ya rage in an cire 0.8 sau TRP daga 1, sannan a ninka da fosfet ɗin jini. Mai aiki da mg/dL ya ninka fosfet ɗin da 0.323 ya sami mmol/L.

Abubuwan da ke ɓata sakamako: jinin da ya fashe, ko wanda ya yi sa'o'i a kan benci ba a raba ruwansa ba, fosfet zai fito daga jajayen ƙwayoyin jini ya ɓoye ƙarancin. Fitsarin da ya daɗe ba a zuba masa asid ba, fosfet ɗinsa zai kwanta a gindin kwalba, a auna a ga kaɗan, a wanke ƙoda daga laifin da ta yi. In lissafi ya nuna ƙoda na riƙewa, a nemi dalili a wani wuri: insulin wajen jinyar mai ciwon suga da ya rikice, fara ciyar da mai tamowa da gaggawa, numfashi da sauri, ko yawan shan maganin gyambon ciki mai alminiyam.

ƊalibarLikita

Na gode ƙwarai, malamai. To yaran da ake kawowa da ƙafar baka ko gwame, fosfet ɗinsu ƙasa, a wane rukuni za a sa su?

LikitarYara

Ƙanwata, mafi yawansu a rukunin PTH suke. Binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda ya fito a 1999, ya nuna yaran da ke da wannan laushin ƙashi kalsiyam ɗin da suke samu a abinci kusan miligiram 200 ne kacal a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa. Rana ba ta yi mana ƙaranci ba, madara ce ta yi wa yaron ƙaranci bayan yaye, ga hatsi mai sinadarin faitet da ke riƙe ɗan kalsiyam ɗin da ya samu a hanji. Kalsiyam ya yi ƙasa, PTH ya tashi, NaPi-IIa ya bar fatar sel, fosfet ya tsiyaye. Ƙarancin fosfet ɗin ne ke hana guringuntsin bakin ƙashi balaga ya daskare. Irin wannan yaro ba ya buƙatar fosfet ko kaɗan. A ba shi kalsiyam aƙalla miligiram 500 a rana tare da bitamin D na aƙalla wata uku, PTH zai kwanta, ƙoda ta koma riƙewa da kanta. In aka ba shi fosfet, kalsiyam ɗin zai ƙara sauka, har ya iya kai shi ga taune-taune.

Tarko na farko shi ne ma'auni. Homon ɗin girma na sa ƙodar yaro ta riƙe fosfet fiye da ta babba. 1.0 mmol/L daidai ne ga babba, ga ɗan shekara biyu kuwa ƙaranci ne, kuma takardar sakamako sau da yawa ma'aunin manya take ɗauke da shi. TmP/GFR ma haka, na yara ya fi.

Wanda aka yi wa wata uku zuwa shida ana ba shi magani da gaske, alkalin fosfates, inzayim ɗin da ke hawa a jini in ƙashi ya yi laushi, bai sauka ba, hoton wuyan hannu da gwiwa bai gyaru ba, PTH kuma bai taka kara ya karya ba, a tuna da XLH, ciwon laushin ƙashi na gado. Kusan yaro ɗaya ne cikin 20,000, matsalar a ƙwayar gado PHEX take, ƙashi na ta fitar da FGF23 ba ƙaƙƙautawa. A dubi tsawon iyaye da ƙafafunsu, a tambayi ƙurjin haƙori da ke fitowa ba tare da haƙorin ya ruɓe ba. Uba mai ciwon yana ba dukkan 'ya'yansa mata, ba ya ba namiji ko ɗaya. Magani fosfet ne na sha, miligiram 20 zuwa 60 a kowane kilo a rana, a raba sau 4 zuwa 6 domin ƙoda na zubar da shi cikin sa'o'i kaɗan, tare da kalsitiriyol nanogiram 20 zuwa 30 a kowane kilo, ko alfacalcidol. Ba a ba da fosfet shi kaɗai a nan, tunda FGF23 ya riga ya danne kalsitiriyol, fosfet zalla zai tada PTH ya ƙara zubarwar. Ba a kuma bin fosfet ɗin jini ana ƙara magani don a ga ya cika, ba zai cika ba, sai dai alli ya taru a ƙoda. Girma, miƙewar ƙafa da alkalin fosfates ake bi, ana hoton ƙoda lokaci-lokaci. Allurar burosumab, da aka amince da ita a 2018, tana kama FGF23 ɗin ne kai tsaye, kuma ba a haɗa ta da fosfet na sha ko kalsitiriyol. Tsadarta ce matsala.

Na NaPi-IIc da Likita ya ambata kuwa, fosfet kaɗai ake ba shi. Kalsitiriyol ɗinsa ya riga ya yi yawa, ƙara masa wani tsakuwar ƙoda ce. Shi ya sa ba a fara magani sai an ga kalsiyam ɗin fitsari.

LikitanƘoda

Hajiya ta rufe ɓangaren yara. A manya akwai wurare biyu da za ki ci karo da FGF23 fiye da cututtukan gado.

Na farko allurar ƙarin sinadarin ayon. Ƙashi yana ƙera FGF23 sannan ya datse wani kaso kafin ya fita, a wajen amino asid na 176 zuwa 179, kuma guntayen ba sa zubar da fosfet. Ƙarancin ayon yana ƙara ƙerawa, amma datsewar ma na ƙaruwa, sai a tashi babu canji. Ferric carboxymaltose, ɗaya daga cikin alluran ayon, yana hana datsewar, sai cikakken homon ya malalo jini. A gwaje-gwajen da aka buga a 2020, kusan kashi 75 na waɗanda aka yi wa shi fosfet ɗinsu ya sauka ƙasa da 2.0 mg/dL, a kan kusan kashi 8 na masu ferric derisomaltose. Ya fi tsanani wajen mako na biyu, yana iya kai makonni. Alamarsa kasala da ciwon gaɓoɓi, abin da kowa zai ɗora wa ƙarancin jinin, a sake yin wata allurar. Mai karɓa a kai a kai, a auna fosfet kafin kowace allura. Babban da ya zo da irin wannan hoto ba tare da ayon ba, ga karaya da raunin cinyoyi na shekaru, a nemi ɗan ƙaramin ƙari a ƙashi ko tsoka mai fitar da homon ɗin. In an cire shi, fosfet na dawowa cikin kwanaki.

Na biyu ciwon ƙoda mai daɗewa. Yayin da matatun ke mutuwa, kowace da ta rage dole ta zubar da fosfet fiye da da. FGF23 ne ke fara hawa, kalsitiriyol ya sauka saboda shi, PTH ya biyo baya, fosfet ɗin jini kuwa shi ne na ƙarshe, galibi sai eGFR, ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda, ya sauka ƙasa da 30. Fosfet daidai a mai eGFR 45 ba ya nufin komai lafiya, homon biyun ne ke ta cire masu dako don a ga hakan, kuma in ciwon ya yi nisa kason da ke zuba na iya haura kashi 50. Klotho na raguwa, FGF23 ya ninka ɗaruruwa a masu wankin ƙoda, kuma yana da hannu a kaurin tsokar zuciya.

A nan lissafin TmP/GFR ba ya da amfani sosai, abinci da magani ake dubawa. Fosfet ɗin da ake zubawa a lemon kwalba baƙi da naman gwangwani kusan duka hanji ke tsotsewa, na wake, gyaɗa da gero kuwa bai kai rabi ba saboda faitet, don haka ba wake ne abin fara hanawa ba. Wanki ɗaya na sa'a huɗu yana cire miligiram 800 zuwa 1000 ne, abin da bai kai na kwana biyu da hanji ke shigarwa ba, balle ga mai yin wanki sau ɗaya a mako. Magungunan da ke ɗaure fosfet, irin su kalsiyam kabonet da sevelamer, a cikin hanji suke aiki, don haka a tsakiyar cin abinci ake shan su. Wanda ya sha kalsiyam kabonet da daddare cikinsa babu komai, kalsiyam ya ƙara wa jininsa, fosfet ɗin abincin rana kuwa tuni ya shige.